Tsohon kare ya faɗi da jiri: a yi jinyarsa a gida ko a kai shi asibiti?

Ciwon nan ba ya sallama. Kare ya kwana lafiya, ya yi haushinsa na dare, da asuba a tarar da shi ya karkace kai, kunne ɗaya na kallon ƙasa ɗaya na kallon sama, in ya yunƙura zai tashi sai ya kife. Wani ya yi ta zagaye wuri ɗaya, wani ya yi ta birgima har sai bango ya tare shi. Amai ya biyo baya, miyau na dalala. Yawanci kan tsofaffi yake faɗawa, masu shekara 8 ko 9 zuwa sama, wato karen da ya ƙarar da ƙarfinsa a gadin gida ko bin shanu ko farauta. A unguwannin Garwa da Marwa, da Kuseri har tsallaken gada zuwa Njamena, fassara biyu aka fi saurin yi wa wannan yanayi: ko ya haukace, ko an ba shi guba. A wurin mutane da yawa kuma hukuncin ɗaya ne, sanda. Wannan ne yake damuna, domin da yawa daga cikin irin waɗannan karnuka jiri ne ya kayar da su, kuma da an ba su kwana uku da sun fara miƙewa.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu kusa da su. Duk motsin da kai ya yi sai ruwan ya motsa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa an juya dama, ko an sunkuya, ko an miƙe. Kunnen dama da na hagu tare suke aika saƙo, ƙwaƙwalwa ta auna su biyun ta gane inda ƙasa take. Ranar da ɓangare ɗaya ya yi shiru, sai ta ɗauka jikin juyawa yake yi alhali yana kwance. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro, ya juya ya juya har ya zube ƙasa na yawo da shi, ya ɗanɗani abin da karen yake ji, sai dai namu na minti ɗaya ne, nasa kuwa yini da kwana. In za ka yi wa likita bayani da Faransanci, sunan da zai gane shi ne sindrom bestibuler.

Alamar da ta fi kowace tona asirin ciwon tana cikin ido. Ka durƙusa ɗan nesa ka dubi ƙwayar idon karen: za ka ga tana zamewa a hankali zuwa gefe ɗaya, sai ta fizgo da sauri ta dawo, ta sake zamewa, ba tsayawa, duka biyun tare. Amma fa karen yana cikin hankalinsa. Ka kira sunansa, wutsiya za ta buga ƙasa. Ya san maigidansa, tsoro ne kawai ya cika shi.

Abin da ke jawo shi iri-iri ne. Mafi yawa a tsofaffin karnuka shi ne jirin tsufa, wanda ko an bincika ba a gano sanadi, ya zo farat ɗaya, ya fi tsanani a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, a cikin sa'a 72 a fara ganin sauƙi, zuwa mako biyu ko uku ya koma yawonsa. Sai ciwon kunne da ya ci ya kai ciki. Sai magunguna: ɗigon kunne mai jentamisin ko niyomisin idan dodon kunnen ya huje, da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, idan aka cika shi ko aka daɗe ana bayarwa. Akwai kuma mafi muni, inda matsalar ba a kunne take ba, a ƙwaƙwalwa take: tsiro, ko toshewar jijiyar jini, ko kumburi, har da cutar da kaska ke sakawa a jini. Duk zancen gida ko asibiti a nan ya rataya, wato wanne daga cikin waɗannan ne ya kama karenka.

Maganar hauka ita ce farko

Ba na raina tsoron mutane, yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duk a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum magani ya ƙare. Sannan ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba. Akwai nau'in da ke zuwa da shanyewa, kare ya yi shiru, haɓa ta saki, ya kasa haɗiya, miyau na zuba, murya ta sauya, ƙafafun baya su fara ja. A ranar farko wannan na iya kama da jiri a idon wanda bai saba ba. Bambancin yana inda ciwon ya dosa. Mai jirin tsufa kullum sauƙi yake samu, mai hauka kullum ƙasa yake yi, kuma da wuya ya wuce kwana 10 da rai.

Saboda haka tambayar farko ita ce ta katin riga-kafi. An yi masa allurar riga-kafin hauka, kuma lokacinta bai wuce ba? Ya yi faɗa da baƙon kare ko dila a 'yan watannin nan? Idan katin na nan da kwanan watansa, kuma babu labarin cizo, zuciya ta kwanta a ci gaba da sauran magana. Idan babu kati, jinyar hannu da baki ba ta kama ba, domin jinyar mai jiri cuɗanya ce da miyau daga safe har dare. Sai a killace shi a ɗaki ko keji, a tura masa ruwa da abinci daga nesa, a hana yara zuwa, a kira malamin dabbobi na gwamnati ya zo ya gani. Kada kowa ya tura hannu bakinsa wai neman ƙashin da ya maƙale. Wanda ya samu cizo ko yakushi, ko miyau ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Shi kuma karen a sa masa ido, kwana 10 a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kwana 15 a tsarin Faransa, a bi abin da likita ya yanke. In ya mutu kada a farfasa kan, da ƙwaƙwalwar ake gwaji, kuma akwai inda ake yi: ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa, da cibiyar Pasteur a Yawunde, a Chadi kuma cibiyar binciken dabbobi ta IRED da ke Farsha a Njamena. Mutanen Njamena sun ga amfanin riga-kafi da idonsu a 2012 da 2013, lokacin da aka yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura, cutar ta lafa sosai na wani lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Katin da aka yanka bara shi ne yake ba tsohon kare damar a yi jinyarsa bana.

Abin da asibiti zai ba ka

Abu huɗu nake ganin asibiti ya fi gida da su, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko leƙa kunne da fitilar kunne. Kai a gida wari za ka ji ko ka ga ruwa na fita, amma ba za ka ga dodon kunne ba, ba za ka san ko ya huje ba. Ciwon kunne na ciki ba ya warkewa da haƙuri, yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako 6 zuwa 8, kuma in aka bar shi yana iya ci gaba zuwa ciki. Na biyu gwajin jijiyoyi, wanda da hannu ake yinsa ba da na'ura ba, shi ne yake raba ciwon kunne da na ƙwaƙwalwa. Na uku allurar tsayar da amai, irin su maropitan ko metoklopramid, domin karen da ke amai ƙwaya ba ta zama a cikinsa. Na huɗu ƙarin ruwa ta jijiya ko ta ƙarƙashin fata. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke wuce digiri 40, tsohon kare da ya yini ya kwana bai sha ruwa ba ƙodarsa ce ke cikin hatsari, ba kunnensa ba. In wurin na da madubin gwaji, za a iya ɗaukar jini a duba cututtukan kaska, wanda a ƙasarmu ba abin da za a tsallake ba ne.

Amma a san iyakarsa. Babu allurar da ke warkar da jirin tsufa. Ƙwaƙwalwa ce da kanta take koyon aiki da saƙon da ya rage mata, magani tashin zuciya kawai yake kwantarwa har ta gama koyo. Babbar na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ke tabbatar da tsiro ko toshewar jijiya, ba kayan aikin ƙaramin asibitin dabbobi ba ce, kada ka ɗauki kare ka yi doguwar tafiya da wannan buri. Sannan yawancin malaman dabbobi na arewa aikinsu na yau da kullum shanu ne da tumaki da awaki da kaji, kuma haka ya kamata, nan dukiyar jama'a take. Wannan ba aibi ba ne, amma yana da kyau ka buga waya tukuna ka tambaya: "Dokta, kuna da fitilar duba kunnen kare? Kuna da allurar amai?" In amsar a'a ce, rabin amfanin tafiyar ya tafi. Jami'ar Ngaundere tana da makarantar koyon likitancin dabbobi, kuma yanzu ana samun matasan likitoci a manyan garuruwa da suka san kan kare da kyanwa, su ya kamata a nema.

Ita kanta tafiyar azaba ce ga mai jiri. Ka ɗauki kare mai kilo 20 da ƙasa ke juya masa, ka ɗora shi kan moto tsakanin direba da mai riƙo, ƙafafu na reto, kowane rami sai ya zabura yana neman birgima, ga rana, ga ƙara. Kafin a isa ya yi amai sau nawa, ya galabaita fiye da yadda ya bar gida. In tafiyar minti goma ce a cikin gari, da sassafe, a cikin mota ko moto mai ƙafa uku, an kwantar da shi a babban kwando an tokare shi da buhuna, wannan abin jurewa ne. Amma daga ƙauyen Mokolo ko Yagwa zuwa Marwa, ko daga Marwa zuwa Garwa mai fiye da kilomita 200, da tsakar rana, sai in da dalili mai ƙarfi. Kwanan asibiti ma ba kowane wuri ke da shi ba, inda ake da shi kuma ka tambaya wa ke kwana da dabbobin. Mai jiri da aka rufe a keji shi kaɗai, ga baƙon wuri ga duhu, ba jinya yake samu ba.

Abin da gida zai ba ka

Gida yana da abin da asibiti ba zai iya sayarwa ba: warin da karen ya sani, muryar da ya sani, da mutum kusa da shi dare da rana. Ga jirin tsufa wannan shi ne jinyar, kuma aiki ne na gaske, ba a bar shi a lungu a jira ikon Allah ba.

Wurin kwanciya tukuna. Siminti mai santsi da tayil abokan gabarsa ne, ƙafafu za su yi ta zamewa, kowace zamewa kuma tana ƙara masa firgita. Yashi ya fi komai, ko tabarmar kaba a kan ƙasa. A nemi kusurwa mai inuwa da iska, ƙarƙashin rumfa ko darbejiya, a kewaye da buhuna ko tsofaffin katifu don kada ya birgima ya bugi bango. A duba me ke kusa: rijiya, murhu, bakin masai, kwata, matakala. Duk abin da yake kauce wa shekara goma ba tare da tunani ba, yau zai iya faɗawa ciki. Ɗakin kwano da rana kuwa kada a soma. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, don haka a bazara a yayyafa wa yashin ruwa, a jiƙa masa ciki da tafin ƙafa. A lokacin hunturu a shimfiɗa masa buhu da tsohon bargo. Da dare a bar masa fitila, ko 'yar tocila mai caji, domin da kunne ya daina gaya masa inda ƙasa take, ido ya koma dogaro da shi, duhu kuwa ƙara masa jiri yake yi.

Za ka ga ya zaɓi gefe ɗaya ya kwanta, gefen da kan ya karkata, in ka juya shi ya yi ta fafutuka har ya koma. Kada a yi kokawa da shi. A naɗe zani ko buhu a tokare shi ya zauna kan ƙirjinsa, a riƙa sauya masa zama duk bayan sa'a huɗu zuwa shida, don kada ƙashin kwankwaso da kafaɗa su yi gyambo. Zai yi fitsari a kwance. A share, a busar, a sauya shimfiɗa, domin fata mai danshi da ƙuda in sun haɗu, tsutsa ce ke biyo baya, musamman da damina. A riƙa ɗaga wutsiya da cinya ana dubawa safe da yamma.

Ruwa ne babban aiki. Kare na bukatar wajen mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a yini, wato karen kilo 20 lita ɗaya ko fiye, a zafi kuma sama da haka. Ba zai iya sunkuyawa kan kasko ba, da ya sunkuya zai kife ciki. Sai ka zauna kusa da shi, ka jingina kafaɗarsa da gwiwarka, ka tallafi haɓarsa da hannu ɗaya, ka ɗago kwanon da ɗaya hannun har ya kai bakinsa. Zai lasa sau uku ko huɗu ya tsaya, idanu na fizga, ya huta, ya sake. Ka bar shi da saurinsa. In ya ƙi, a ɗauki sirinji marar allura a zuba kaɗan-kaɗan ta gefen baki, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Abin da ba a yi shi ne ɗura wa karen da ke kwance a gefe, ko a ɗaga kansa sama a tuttula. Ruwan zai bi hanyar iska ya sauka huhu, kuma ciwon huhun da zai biyo baya ya fi jirin kisa.

Abinci ba a gaggauta shi a ranar farko. Da amai ya tsaya, a dafa shinkafa da ɗan nama ko kaza marar ƙashi, ko ƙwai dafaffe, a dunƙula ƙanana a miƙa masa a tafin hannu. Romo yana buɗe masa ci, amma ba romon tukunyar gida ba, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ga yaji ga gishiri. A ɗiba masa nasa kafin a zuba kayan miya.

Daga rana ta biyu ko ta uku a fara tsayar da shi. A zura zani ƙarƙashin ƙirji da ciki, a riƙe bakinsa biyu ta sama, ƙafafu huɗu su taɓa ƙasa, a taka da shi taku kaɗan zuwa inda ya saba fitsari. Yawan ɗaukarsa a hannu ba gata ba ne, ɗagawa sama tana tayar masa da jirin, kuma ƙwaƙwalwa ba ta koyon sabon ma'auni sai ƙafa na taka ƙasa.

Hatsarin gida kuma shi ne yawan masu magani. Kowa ya leƙo yana da nasa: a ɗiga man gyaɗa a kunne, a ɗiga kananzir, a yi masa lalas bayan kunne, a ba shi parasitamol ko ibuprofen ko diklofenak, a yi masa allurar ibamektin ta shanu. Ina roƙo da babbar murya, kada a yi ko ɗaya. Magungunan ciwon jiki na mutane suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda da hanta. Ibamektin in ya yi yawa shi kansa tangaɗi yake sa kare. Kunne kuma ba a ɗiga masa komai sai wanda ya leƙa ya ga dodon ya ce a ɗiga. In an san an wanke shi da maganin kaska na shanu a 'yan kwanakin nan, ko ya shiga gonar auduga da aka yi wa feshi, ga rawar jiki ga zawo ga miyau kamar an buɗe famfo, wannan guba ce, ba maganar jinyar gida ba ce, a nemi likita a take.

Akwai tambayar da ba a cika yi a fili ba, alhali ita ce take yanke hukunci a gidaje da yawa: wa zai taɓa shi? Maigida na kasuwa, uwargida ba ta saba ba, yara ne masu so amma ba su da ƙarfi. A mazhabar Malikiyya da muke bi a wannan yanki, kare mai rai ba najasa ba ne, shi da miyansa, kuma an yarda a ajiye shi don gadin dabbobi da gona da farauta. Kowa ya san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ya ware tsohuwar riga don wannan aiki, ya sa safar hannu, ya wanke da sabulu. Amma a faɗi gaskiya tun ranar farko. In ba wanda zai zauna da shi sau huɗu ko biyar a yini na kwana uku, to jinyar gida suna ce kawai. A irin wannan hali ne za ka ji saurayi ya durƙusa gaban mahaifinsa yana cewa, "Baba, don Allah a bar min shi zuwa jibi, ni zan kula da shi." In yaron ya kai shekarun da zai iya, kuma katin allura na nan, ni dai ina ganin a bar masa.

Yadda nake auna su

A ganina, ga karen da aka yi wa riga-kafi, mai hankalinsa, wanda idanunsa ke fizga gefe da gefe ko suna ɗan murɗawa, mafi alheri shi ne likita ya gan shi sau ɗaya, sauran jinyar a yi a gida. In za a iya, likitan ne zai zo, kuɗin man moto da na ziyararsa sun fi sauƙi a kan wahalar da karen zai sha a hanya. In kana nesa, ka ɗauki bidiyo biyu da waya, ɗaya na ido daga kusa cikin haske, ɗaya na yadda yake yunƙurin tashi, ka tura ta WhatsApp tare da shekarunsa da duk maganin da aka ba shi a watan nan. Gani ya kori ji, likitan da ya san aikinsa zai karanta abu da yawa daga motsin idon kaɗai.

Ma'aunin yana juyawa zuwa asibiti idan ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana. Idanu na fizga sama da ƙasa, ko suna sauya alƙibla in an juya masa kai. Ya yi nauyin barci, ba ya amsa kira, ko ya yi farfaɗiya. Ka tallafe shi a tsaye ka lanƙwasa tafin ƙafarsa ya taka da bayanta, sai ya bar ta haka bai gyara ba, alhali lafiyayye nan take yake mayar da ita. Waɗannan ƙwaƙwalwa suke nunawa. Sai kuma na kunne: wari, mugunya, ihu in an taɓa gindin kunne ko in zai buɗe baki, leɓe ɗaya ya saki, ido ɗaya ba ya ƙiftawa. Sai na jiki: zazzaɓi, dasashi ya yi fari, haɓo, ko ya cika sa'a 24 ruwa bai zauna a cikinsa ba, ka ja fatar wuyansa ta tsaya a tsaye. A nan wahalar hanya ta zama dole, a tashi da asuba kafin rana ta yi zafi.

Rana ta uku ita ce ranar sake lissafi. Ba warkewa ake nema ba, alama ake nema: fizgar ido ta ragu ko ta tsaya, amai ya ɗauke, ya ɗaga kai ya lashi ruwa da kansa, ya zauna kan ƙirji ba tokari. In an ga ko ɗaya, ana kan hanya. In babu ko ɗaya, ko abin ya ƙaru, zancen jirin tsufa ya raunana, sai likita ya sake dubawa.

Wani lokaci amsar ba ta da daɗi. Karen da ya yi mako biyu bai iya tsayuwa ba ko da zani, ya ƙi ci, ga gyambo, ko likita ya ga alamun tsiro a ƙwaƙwalwa, ci gaba da riƙe shi na iya zama tsawaita azaba. Wannan shawara ce ta maigida da likita, ba ta taron unguwa ba, kuma ba ta ranar farko ba ce. In an kai ga haka, akwai allurar da likita ke yi, karen ya yi barci ya wuce ba tare da ya ji zafi ba. Ba a ba shi guba, ba a kai shi bayan gari a yar da shi yana da rai.

Wanda ya tashi kuwa, sau da yawa kan nan ba ya komawa daidai, zai zauna a ɗan karkace har ƙarshen rayuwarsa, kuma ba ya jin ciwon hakan. Wani in ya girgiza kai da ƙarfi sai ya ɗan yi tangaɗi ya gyara. Gadin ƙofa zai iya, haushinsa na nan, amma bin shanu zuwa bakin Binuwai ko fita farauta da dare sai a bar wa matasa. A ci gaba da rufe rijiya, a bar masa kaskonsa a kan ɗan tudu don kada ya sunkuya da yawa. Ciwon yana iya dawowa bayan watanni, wani lokaci ta ɗaya kunnen, kuma in ya dawo a sake duba kati, a sake duba ido, a sake kiran likita kamar karon farko.